TUKUNYAR UWARGIDA A JINYAR MAI CIWON HANTA DA MAI CIWON CIKI

Gaisuwa ta musamman ga matan Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi, da na Shagari da Kajiji da Dandin Mahe, da duk wadda wannan magana ta iske a cikin ɗakinta. Yau zancenmu a kan tukunya yake, amma tukunyar jinya. Me za ki dafa wa wanda hantarsa ko cikinsa ya samu matsala, me kuma ya kamata ki janye masa?

Uwargida, kada ki ce wannan aikin likita ne. Likita zai duba mara lafiya na ɗan lokaci ya rubuta magani, sauran yinin da daren duka a hannunki suke. Maigida ne ke cefane, gaskiya ne, amma ke ke sa gishiri, ke ke tsince gyaɗa, ke kika san tulun da aka ɗebo ruwan dama fura.

A gidajenmu da yawa, da zarar an ga idon mutum ya yi ruwan ɗorawa an ce shawara ce, sai a kafa masa doka: ba mai, ba nama, ba ƙwai, ba nono, sai rake da jiƙon sassaƙe. In yaro ne ke zawo, sai a ce a bar cikin ya huta. Niyyar mai kyau ce, sai dai ƙarshenta yunwa ke haɗuwa da cuta su taru a kan mutum ɗaya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mara lafiya gyara masa abinci ake yi, ba a hana shi.

Bari mu fara da hanta. Tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a jikin babban mutum nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi. Abin da hanji ya tsotsa daga abinci, wurinta jini ke fara kai shi. Ita ke ajiye sukari ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan idan ba a ci abinci ba. Ita ke yin ruwan maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, mai narkar da maiƙo. Ita ke haɗa sinadarin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, da wanda ke sa jini ya daskare idan an yanke. Ita kuma ke tace magani da duk wata guba da ta shiga jiki. Kin ga rumbu ce kuma rariya ce. Duk abin da kika ba mara lafiya ya haɗiya, to aiki kika ba hantarsa.

Ita shawara alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Abubuwa da dama na kawo ta: ƙwayoyin cutar hanta, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ciwon sikila, ko toshewar hanyar maɗaciya. Gwajin jini ne kaɗai zai bambance. Ƙwayoyin cutar hanta kuwa an sa musu sunan haruffa. Nau'in A da na E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, yawanci kuma sukan wuce cikin makonni. Amma nau'in E mugu ne ga mai juna biyu. A shekarar 2017 ya ɓarke a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar da kuma Ngala a Jihar Borno, kuma a Diffa yawancin waɗanda suka rasu masu ciki ne. Don haka mai ciki in ta ga idonta ya canza, a ranar za a kai ta asibiti. Haka jariri sabon haihuwa da ya yi ruwan ɗorawa: a ci gaba da ba shi nono, kada a ba shi jiƙo ko ruwan sukari, a kai shi a duba.

Nau'in B da na C ta jini suke bi: daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, ta askar wanzami ko reza ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita, nau'in B kuma har ta saduwar aure. Su ne masu zama a jiki shekara da shekaru shiru. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cikin mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64, kimanin 8 na ɗauke da nau'in B, kimanin 1 kuma na ɗauke da nau'in C. Ki lura da wannan da kyau, musamman a gidan da ake da abokan zama: nau'in B ba ya bin kwano, ba ya bin moɗa, ba ya bin gumi ko gaisawa. Babu dalilin ware wa baiwar Allah kwanonta, ko a hana ta ranar girkinta. Tana iya shayar da jaririnta ma. Abin da ake so shi ne mutanen gidan su yi gwaji, wanda ba ya da ita ya yi rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Tun 2004 wannan allura ta shiga jerin rigakafin yara na kyauta a Nijeriya. In a gida kika haihu kina wankan jego, kaka ko maigida na iya kai jaririn.

To, me mai shawara zai ci? Abincin gida, amma kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, domin tashin zuciya ba ya barin sa ya cinye kwano guda. Yawanci da safe ne bakinsa ya fi karɓar abinci, sai ki ba shi mai ɗan nauyi a lokacin. Kunun gero ko koko, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka, faten wake, dafaffen ƙwai, romon kaza ko kifi, gwanda da kankana da lemo. Mai ba haramun ba ne gare shi. In soye-soye na tayar masa da zuciya a rage, amma ɗan man da ke cikin miya ba ya cutar da hanta, ƙarfi ma yake ƙara masa. Rake ba laifi in an wanke shi da ruwa mai tsabta, sai dai ba ya gina tsoka, ba ya kuma kashe ƙwayar cuta. Fura, ko hura yadda muke faɗi a nan, abinci ce mai kyau ƙwarai, da sharaɗi biyu: nonon ya kasance na madarar da aka tafasa, ruwan damun kuma tafasasshe.

Abin da za ki tsaya kai da fata ki hana shi ne haɗe-haɗen magunguna. Hantar da ke ciwo ba ta iya tace jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, balle yawansa. Haka ƙwayoyin kemis da ake sha barkatai. Ko farasitamol, da muke gani kamar ba komai ba, in ya yi yawa yana lalata hanta, don haka mai ciwon hanta sai da awon likita. 'Yan uwa masu shan ƙwayoyin ƙiba da haɗin da ake tallarsa gida-gida a cikin gora ba suna ba takarda, ku ji tsoron Allah ku tausaya wa hantarku.

Yanzu sai wanda ciwon ya daɗe har hantar ta yi tabo ta taurare. Za ki ga hannuwa da kafaɗu sun rame, ciki kuma ya tara ruwa, ƙafafu sun kumbura. A da, har a asibitoci akan hana irin wannan mara lafiya nama da wake. Ilimin yau ya nuna hakan na ƙara kassara shi. Masana sun ce yana bukatar sinadarin gina jiki giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 50 ke nan yana son giram 60 zuwa 75. Ga yadda za ki auna: ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin nono kimanin giram 8, kofin dafaffen wake kimanin giram 13, tsokar nama ko kifi kamar faɗin tafin hannu kuwa ta haura giram 20. Ba sai da nama kullum ba. Wake da alala da awara da nono suna yi, sau da yawa ma sun fi yi masa daɗin ciki.

Abu na biyu, kada ya daɗe da yunwa. Rumbun sukarin hantarsa ya ƙanƙance, kwana ɗaya ba ci a wurinsa kamar kwana biyu ko uku ne ga mai lafiya, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Saboda haka kafin ya kwanta barci ki ba shi wani abu, kofin fura da nono ko kunu da dafaffen ƙwai, da asuba kuma ya karya da wuri. Maganar azumi, a tambayi likita a kuma tambayi malam, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Abu na uku, gishiri. Gishiri ke jan ruwa ya tara a ciki. Mai kumburi kada gishirinsa na yini gaba ɗaya ya wuce kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye. Ina yake ɓoye? A dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne. A kilishi da yajin tsire, a ƙullin taliyar leda, da kuma kanwa. I, kanwa 'yar uwar gishiri ce a wurin tara ruwa, don haka kunun kanwa da jiƙon kanwa ba nasa ba ne. Dabarar mai sauƙi ce: ki ɗebi miyarsa a gefe kafin ki sa gishiri da dunƙule a ta sauran gida. Ki ɗaga ɗanɗanonta da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan daddawa, ki matsa lemon tsami ko ki sa ruwan tsamiya. Kwana kaɗan harshe ke sabawa.

Masu sana'ar ƙuli da mai, ku matso kusa. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, ko an ajiye su inda ke da laima. Tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Kaɗan-kaɗan ɗin da ake ci shekara da shekaru yana kawo sankarar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da nau'in B. Dafuwa ba ta kashe wannan guba, suya ma haka. Abin da ya fi damuwa, wani lokaci mai kyau ake kai wa kasuwa, a bar wadda ta motse ko ta yi baƙi ko ɗaci don kunun gida da ƙulin yara. Uwargida, ki baza gyaɗarki a faifai ki tsince, duk wadda ba ki yarda da ita ba ki binne ta. Kada ki ba akuya ko saniyar tatsa, domin gubar na fitowa a nono. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Ki kuma gaya wa maigida akwai wani maganin gona mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona kafin amfani ya yi fure don rage wannan fumfuna.

Akwai kuma kitse a hanta, wanda ya fi samun masu ƙiba da masu ciwon sukari. Mu da muke zaune a gida, ga injin niƙa ya ɗauke mana daka, ga lemon kwalba da zoɓo mai sukari, sai mu kula. Maganinsa rage sukari da soye-soye, da motsa jiki. Wadda ta rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta a hankali, hantarta na samun sauƙi sosai. Zagaya tsakar gida na rabin awa bayan la'asar, da shara da surfe, duk motsa jiki ne.

Mu gangaro ciki. Zawo, musamman na yara, rashin ruwa ne ke kisa a cikinsa. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Sakkwato na cikin inda abin ya taɓa. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a ɗakinki tun kafin bukata. In babu, ki samu tafasasshen ruwa lita ɗaya, wato daidai ledar ruwan sha biyu, ki sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ki ƙara gishiri da ka. Ki riƙa ba shi da cokali bayan kowane zawo, in ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Nono kuwa ba a tsayar da shi, a ƙara ma. Yaron da ya fara cin abinci a ba shi kunu mai kauri da ɗan mai, dafaffiyar shinkafa, ayaba, dankali da kindirmo. Hanji da abinci yake warkewa. Bayan ya samu sauƙi a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, ya mayar da abin da ya zube. Lemon kwalba kuwa ƙara zawo yake yi.

Sai gyambon ciki, wato olsa. An daɗe ana cewa yunwa da barkono ke kawo shi. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi ke haddasa mafi yawansa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda wasunmu ke sha kullum bayan gajiyar aiki. Wannan albishir ne, domin ciwon da ƙwayar cuta ta kawo ana gwada shi, ana kuma kashe shi da maganin kwana 10 zuwa 14. Madara na kwantar da zafin na ɗan lokaci, daga baya tumbi ya ƙara tsatso ruwan tsami. Jiƙon kanwa ma haka, ga kuma hawan jini. Aikin abinci a nan shi ne rage raɗaɗi: a ci a kan lokaci, kada a cika ciki dam, a rage goro da shayi mai kauri, a bar duk abin da mutum ya lura yana tayar masa da ciwon. Mai ƙwannafi kada ya kwanta sai bayan awa biyu zuwa uku da cin tuwon dare.

Basir kuwa tsohon abokin fama ne a ƙasar nan, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magungunansa. Babban abin da ke tayar da shi taurin bayan gida ne da yawan yunƙuri, shi ya sa ya fi damun masu ciki da masu jego. Maganin taurin bayan gida yana cikin abin da muke zubarwa, wato dusa. Idan kika surfe gero ko dawa har suka yi fari tas, kin ba awaki abin da hanjinki ke bukata. Ki rage surfen. Ki yawaita kwaɗon zogale da rama da tafasa, miyar kuka da lalo da yakuwa, wake da kabewa, gwanda da goba da mangwaro a lokacinsu. Ki sha ruwa sosai, balle da bazara, zafin ƙasarmu ba sai an gaya miki ba. Kada kuma ki riƙe bayan gida don kunyar baƙi ko surukai. Amma ba kowane jini ne basir ba. Wanda ya manyanta yana ganin jini, yana ramewa, a duba shi.

Ga alamomin da tukunya ba ta da abin yi a kansu, sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne: aman jini, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai ciwon hanta ya fara ruɗewa ko barcin da ba a gane masa ba, ciki mai ruwa ya haɗu da zazzaɓi da ciwo, yaro mai zawo idonsa ya faɗa ya kasa sha ko kama nono, ko zawo da jini. Asibitin da ya fi kusa za a fara zuwa, na Boɗinga ko na Shagari, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyin kimanin wata uku. Nau'in B kuma akwai maganin da ke danne shi ya kare hanta, ga wanda likita ya ga yana bukata. Abinci abokin tafiyar magani ne, kowanne da aikinsa.

Shawarata gare ki, tun yau da kowa ke lafiya ki samu lokacin da maigida ya ci ya huta, ki yi masa wannan bayani cikin ladabi. Ki nemi izininsa tun yanzu, cewa in ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta bayyana ba ya gida, a fita da mara lafiya ba sai an jira shi ba. In Inna ko Gwaggo ta ce a hana mai shawara ƙwai da nono, kada ki yi musu da ita a gaban mutane. Ki roƙi a tafi da ita ranar ganin likita, ta ji da kunnenta. Ku kuma iyayenmu maza da ke saurare, in uwargida ta ce a ƙaro wake da ganye a cefane, a rage dunƙule, ku taimaka mata.

A nan za mu dakata. Wadda ta ji ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta ta kan katanga. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa kaffara ne, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.